Musayar Gida

Loyis ba ta so shiga kwamitin nan ba. Shugabar zumuntar mata ta cocinsu ce ta tsare ta bayan an tashi daga sujada, ta ce duk cocin babu wadda ta dace kamarta, tunda ta yi zaman Angwan Rogo, ta san halin mutanen can, Hausarta kuma ba gargada. Loyis ta ce rabonta da wannan zama ya haura shekara ashirin, waɗanda ta sani wasu sun mutu, wasu sun manta da ita. Shugabar ta ce, "To sai ki je ki tuna musu." Da ta rasa hanyar zillewa, ranar Talata ta ɗora suwaita a kan rigarta saboda sanyin damina, ta tari keke daga Jos Jarawa zuwa Taminus, a tsakiyar garin Jos.

A saman wani bene ake taron, bisa shagon masu sayar da waya. In ka leƙa ta taga, kangon babbar kasuwar da ta ƙone kake hange, 'yan tireda sun baza kaya a gindinsa kamar ba a taɓa yin komai ba. Wanda ya kira taron wani dattijo ne, Dakta Ademola, likitan ido da ya yi ritaya. Bayarabe ne haifaffen Jos, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya gayyato mutane daga Angwan Rogo, ya gayyato daga Jos Jarawa. Ba wanda ya nuna wa kowa wurin zama, amma kowane ɓangare ya tattaru a gefe guda, aka bar kujerun tsakiya wayam.

Dakta ya miƙe ya ce, "Lokacin da nake karatu a Jamus, a bakin ɗan garin da na zauna akwai allo mai sunan garin, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta sunan wani gari na Faransa. Na ɗauka kwatancen hanya ne. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta ce mini a'a, abokin garinsu ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka gama binne waɗanda aka samu gawarsu, sai magadan garuruwa da talakawansu suka ga cewa sulhun da manya suka sa wa hannu ba zai hana a sake ba. Suka fara ƙulla gari da gari, ko da a ƙasar maƙiya yake. 'Yan makarantar nan su je can su kwana, na can su zo nan. Tsohuwar nan an kashe wanta a Faransa, amma duk shekara sai ta je, ta sauka a gidan wata mata da sojojin Jamus suka kashe wa miji. Ta ce mini wanda ya kwana a ɗakinka ya ci abincinka, da wuya ya yarda a aike shi ya ƙone maka gari. Shi ne na ce, su da ke da ƙasa da ƙasa a tsakani sun yi, mu da tafiyar keke ce ta raba mu, me zai hana mu ƙulla unguwa da unguwa?"

Wata 'yar kasuwa mai suna Ngozika, wadda shagonta na atamfa ya ƙone a kasuwar da ake hangowa, ta ce, "Oga Dakta, mu nan ai mun ci abincin juna shekara da shekaru. Bai hana ba."

Dakta ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sannan ya ce, "Gaskiyarki. Amma 'ya'yanmu ba su ci ba."

Daga nan aka shiga maganar suna, don Dakta yana so a kafa allo a bakin kowace unguwa. Ya ce Turawan Ingila tagwayen garuruwa suke cewa. Amurkawa kuwa sun mai da biranen mata, suna kiransu 'yan'uwa mata, wato ya da ƙanwa. Jamusawa abokan hulɗa kawai suke cewa, ba su son doguwar magana. Rashawa kuma sun kira su 'yan'uwan rantsuwa.

Wani tsohon ma'aikacin gwamnati daga Jos Jarawa, Siman, ya ce, "Tagwaye ya yi kyau. To amma ko a tagwaye akwai wanda ya riga fitowa. Wace unguwa ce Hassan, wace ce Hussaini?"

Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Duk wanda ke ɗakin ya san tambayar wa ya riga wani zuwa ita ce ta cinye garin nan. Aka ajiye tagwaye. Ya da ƙanwa ma aka ga ciwon ɗaya ne, aka ajiye.

Sai wani siririn dattijo daga ɓangaren Angwan Rogo, mai farar hula da ma'aunin tela a rataye a wuya, ya yi gyaran murya. Datti sunansa. Ya ce, "Ni Bagobiri ne, kakana haƙar kuza ta kawo shi dutsen nan. Ni da Dakta in mun haɗu, in ce masa bawana, ya ce mini bawansa, mu yi dariya mu rabu. An ce irin wannan wasa da yawansa yaƙi ne ya haife shi. Me zai hana a ce abokan wasa?"

Dakta ya ce, "Ka ji bawan nan da hankali yau."

Wannan karon an ɗan yi dariya. Amma Ngozika ta girgiza kai ta ce, "Malam, ku naku yaƙin ba wanda ya san sunan waɗanda suka mutu a ciki. Mu namu muna da hotonsu a bango. Ba mu kai wasa ba tukuna."

Dakta ya ce to a bar suna ya huta, a fara da ziyara. Ya nemi kowa ya faɗi inda yake zaune yanzu da inda ya taɓa zama. Da aka zo kan Datti ya ce, "Yanzu ina Angwan Rogo. Da kuwa a Jos Jarawa nake, can gindin dutse, gidan da bishiyar fiya ta leƙo ta kan katanga. Ban sani ba ko an sare ta."

Loyis ta gane gidan, shi ne wanda take zaune a ciki. Da safen nan ta share ganyen bishiyar.

Mijin Loyis, Hezekiya, kafinta ne. Shi ya gina musu gida a Angwan Rogo da guminsa, ƙyauren ƙofar ma da hannunsa ya yi shi da katakon maɗaci, yana cewa sai gidan ya rushe ƙyauren bai motsa ba. Wata Juma'a a watan Satumba na shekarar dubu biyu da ɗaya ya ɗauki kujerun da ya gama zai kai wa mai su cikin gari, ya ce ta ajiye masa gwatensa da zafi. Kafin la'asar gari ya kama da wuta. Maƙwabciyarta ce ta ɓoye ta ita da 'yarta Yael har sojoji suka zo suka kwashe su zuwa bariki. Ta bi asibitoci, ta bi ɗakunan ajiye gawa, ta duba fuskokin da har yau ba ta son tunawa. Ba ta ga Hezekiya ba, a raye ko a mace.

Bayan ƙura ta lafa aka shiga musayar gidaje a Jos. Kirista mai gida a cikin Musulmi ya nemi Musulmi mai gida a cikin Kirista, kowa ya koma cikin nasa. Badung, wan Hezekiya, shi ya tsaya wa Loyis, ta hannun wani dillali aka gama komai. Ba ta taɓa ganin mutumin ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne tela ne, kuma shi ma ya yi rashi.

Ba ta daɗe da tarewa ba ta fara jin ruwan. A bayan kicin, kusa da gindin fiyar, akwai wani ɗan daɓen siminti da bai fi mutum ɗaya ya tsuguna ba. Wata rana da azahar tana tsince acca, sai ta ji ana tsiyaya ruwa a wurin, siririn ruwa irin na bakin buta. A zuba, a dakata, a sake zubawa. Ta zagaya, ba kowa, daɓen kuma a bushe ƙayau. Ta ɗauka famfo ne ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, mai gyaran famfo ya zo ya ce babu bututu ko ɗaya a wannan gefen. Ta gaya wa fasto, ya zo da dattawan coci suka yi addu'a suka rera waƙa. Aka yi 'yan kwanaki shiru, ruwan ya dawo. Ba kullum ba ne, wani lokaci sai a yi wata guda ba a ji ba, amma in zai zo da azahar yake zuwa. Loyis ta yi zama da Musulmi, ta san tsarin wannan zubin: hannu, baki, fuska, har zuwa ƙafa. Alwala ce.

Da farko tsoro ya hana ta zagayawa bayan kicin ita kaɗai. Da shekaru suka tura sai ta saba, kamar yadda ake sabawa da tarin maƙwabci. Yael ta tashi tana ji, tana cewa mai ruwa ta zo, har ta yi aure ta koma Bukuru. Loyis ta daina ɗora bahon wanke-wanke a kan daɓen. In ta yi shara sai ta share shi, ta bar shi fili. Ba ta sake gaya wa kowa ba.

Da aka tashi daga taron ta tsaya a matakala har Datti ya sauko. Ta gaishe shi, ya amsa da ladabi. Ta ce, "Malam, fiyar nan tana nan. Bana ma ta yi 'ya'ya har reshe ya karye."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ya dube ta, ya kawar da kai, ya sake dubanta.

"Ke ce matar kafinta?"

"Ni ce."

"Allahu akbar." Ya dafa bango. "Matata ce ta shuka ta, Uwani. Ta tafi barkar haihuwa ranar Juma'ar nan, ba ta dawo ba. Ko ɗankwalinta ban samu ba."

Masu saukowa suka riƙa ratsa su suna wucewa. Loyis ta so ta yi shiru, amma maganar da ta danne shekara da shekaru ta ƙi dannuwa. Ta ce, "Malam, kada ka ɗauke ni mahaukaciya. Ɗan daɓen nan na bayan kicin, na mene ne?"

"Nan take alwala. Ni na sa aka yi mata, don ba ta son laka ta taɓa mata ƙafa." Ya yi ƙasa da murya. "Me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Ji nake yi."

Ta zaci zai yi a'uziyya ya wuce. Sai ta ga ya zauna a kan matakalar. Ya ce, "Mama, ƙyauren nan na maɗaci, ana buga mini shi. Da yamma lis, kafin magariba. In buɗe ba kowa. Na ɗauka yaran unguwa ne, na yi gadi har na gaji. Malamai sun ce wanda ya mutu ba ya dawowa, aikin aljanu ne, na kuma yarda da su, an yi karatu an yi turare. Amma bugun nan ba na mai neman tsoratarwa ba ne. Daga ƙasan ƙyauren yake fitowa, kamar da ƙafa ake yi."

Loyis ta kama ƙarfen matakalar. Hezekiya bai taɓa buga ƙofa da hannu ba, don bai taɓa dawowa gida hannu sake ba, in ba katako ba to ledar nama ko rake. Da ƙafa yake bugawa, tana yi masa faɗa zai ɓata ƙyauren da yake taƙama da shi.

Ta ce, "Kana buɗewa?"

"Duk lokacin da na ji. Ina zan bar mai gida a waje?"

Datti ne ya fara kawo ziyara. Ya zo da matarsa ta yanzu, Ladidi, don kada a ga namiji ya shiga gidan gwauruwa a yi ta surutu. Loyis ta tarye su a bakin titi, ta lura ya cire hularsa ya cusa a aljihu tun kafin su sauka daga keke. Sai da suka shiga gida ta kulle ƙofa ta ce, "Malam, mai da hularka." Ya mayar.

Ya zagaya gidan a hankali. Ya ga an sauya fenti, an toshe wata taga, an rataye gicciye a inda agogonsa yake da. Da ya isa gindin fiyar, ya ɗaga kai ya ce, "Da na bar ta, kanta kawai ya wuce katanga." Loyis ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar, ta kawo gwaten acca da ta dafa da naman da ta sayo takanas daga mahautan Hausawa, ta kuma faɗa musu haka don su ci da kwanciyar rai. Ladidi ta ci ta yaba. Datti ya ɗan taɓa ya ajiye cokali.

Rana ta take tsaka ta fara karkata. Can nesa iska ta kwaso kiran salla daga wata unguwa, sama-sama. Sai Loyis ta ji shi, siririn ruwan nan a kan daɓe, kusa da su ƙwarai. Ladidi ma ta ji, don ta dafe ƙirji ta shiga salati ƙasa-ƙasa. Datti ya dubi fuskokinsu, ya dubi daɓen, ya karkata kunne kamar mai sauraren rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

Ya ce, "Ta zo?"

Loyis ta ce, "Ba ka ji ba?"

"Ban ji komai ba. Kukan tsuntsu kawai nake ji." Ya matsa kusa har gwiwarsa ta taɓa simintin. "Gaya mini. Sauri take yi ko a hankali?"

"A hankali. Tana daɗewa a kan ƙafa."

Ya yi wata irin dariya da ta ƙare da hawaye. Ya ce, "Ita ce. Kullum sai na ce mata ana tada salla ke kina wankin ƙafa kamar amarya." Ya zauna nan har Loyis ta ce masa an gama. Sannan ya roƙi ruwa, ya yi tasa alwalar a gefen daɓen, ba a kansa ba, ya yi salla a gindin bishiyar.

Da za su tafi Ladidi ta tambaye shi ko ba zai yi wa baiwar Allah Uwani magana ba, ya gaya mata inda suka koma. Ya ce, "In ma ita ce, ba ta san kowa a Angwan Rogo ba. Nan ta saba. In Mama ba ta gaji ba, a bar ta."

Loyis ta ce, "Ban gaji ba."

Mako na zagayowa Loyis ta rama ziyara. Badung, wanda tsufa ya kama yanzu, ya yi ta faɗa a waya, ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, ita kuwa ramin take nema. Ta ce ta ji, ta tafi. Ladidi ta aiko mata da mayafi ta yafa a kan ɗankwalinta. Keken ya kutsa cikin Angwan Rogo, ta ga unguwar ta cushe, filin da ake shanya wanki ya zama shaguna, ko'ina ƙarar keken ɗinki da janareta. Ba ta gane layin ba sai da ta hango ƙyauren. Ya yi baƙi saboda tsufa, amma yana nan daram. A ƙasansa ta ga inda katakon ya ɗan loɓa ya yi sulɓi. Ba ta iya tuna ko haka ta bar shi ba.

Wata tsohuwa da ke tuyar masa a ƙofar gidan da ke kallonsu ta ƙura mata ido, ta ce, "Wa nake gani kamar Maman Yayil?" Ƙanwar maƙwabciyar da ta ɓoye ta ce. Ta ce yayar tata ta rasu shekarun baya, har ta mutu tana tambayar ko yarinyar nan mai kuka ta rayu. Loyis ta ce ta rayu, har ta haifi biyu. Tsohuwar ta cika mata leda da masa, ta ƙi sauraren godiya.

A cikin gida Datti ya mai da rumfar aikin Hezekiya wurin ɗinki. Bencin aikin na nan, a kansa yake yanka yadi. Loyis ta shafa gefen bencin, ta zauna a zaure kusa da ƙofa, suka yi ta hirar duniya da Ladidi, tsadar dankali da ciwon gwiwa. Yamma ta yi, hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu-duhu, aka fara yayyafi. Loyis ta fara cewa bari ta tashi kada keke ya yi wuya.

Sai ta ga Ladidi ta yanke magana a tsakiya. Datti ya ajiye almakashi ya fito daga rumfa.

Ya ce, "Ga shi nan."

Loyis ta kasa kunne har numfashi ta riƙe. Tana jin yayyafi a kan kwano, tana jin man masa na ƙara a tanda, tana jin wani mai keke na ta danna ham. Bugun ƙofa kuwa ba ta ji ba. Ta dubi ƙasan ƙyauren, bai motsa ba.

"Ya sake," in ji Ladidi.

"Ni ban ji ba," in ji Loyis. "Don Allah, ni ban ji ba."

Datti ya nufi sakata kamar yadda ya saba, sai ya tsaya ya ja da baya. Ya ce, "Mama, yau ke za ki buɗe."

Ta tashi ta zare sakatar. Ƙyauren ya buɗe da nauyinsa da ta sani. A waje babu kowa sai layi da ruwa ya jiƙa da hayaƙin tandar masa. Ta tsaya a bakin ƙofar, sanyi na dukan fuskarta. Ta shirya maganganu da yawa a shekarun nan, na faɗa da na kuka, amma ba ko ɗaya da ya zo bakinta. Abin da ya zo shi ne kwatance.

Ta ce, "Baban Yael, ba ma nan. Mun tashi tun tuni, ba a samu yadda za a gaya maka ba. Muna Jos Jarawa. In ka wuce coci ka bi hanyar da ta hau dutse, za ka ga bishiyar fiya ta leƙo ta kan katanga. Ƙofar ta ƙarfe ce, ba mai kyau irin taka ba. Yael ta yi aure. Ka bar bayin Allahn nan su huta."

Mai masa ta ɗago ta dube ta, ta mai da kai kan tandarta. Loyis ta daɗe a tsaye har kafaɗar mayafin ta jiƙe, sannan Ladidi ta kamo hannunta ta mai da ita ciki.

Kwamitin ya ci gaba da zama a saman benen. Bayan an kai ruwa rana aka tsaya a kan Unguwanni Aminan Juna, ko da yake Ngozika ta ce aminci ba a allo ake rubuta shi ba. Aka kafa allunan, aka buga ƙwallo tsakanin samarin unguwannin biyu, aka tashi kunnen doki, kowa ya ce gara haka. 'Yan makaranta sun yi ziyara sau ɗaya, ta biyun aka ɗaga saboda wata jita-jita da ta sa aka rufe shaguna da rana tsaka. Dakta Ademola bai karaya ba, ya ce su ma Turawan ba a shekara ɗaya suka yi nasu ba.

A wani zaman ne Datti ya ja Loyis gefe ya ce mata tun ranar ba a sake buga ƙyauren ba. Ya ce Ladidi ta yi murna, amma shi in yamma ta yi sai ya tsinci kansa a zaure yana jira, gidan ya yi masa wani irin fayau.

Loyis ta koma gida da wannan magana, ta hana ta sukuni. A da, ta san inda Hezekiya yake zuwa, ta san akwai mai buɗe masa. Yanzu ta tashe shi daga ƙofar da ya sani ta tura shi wata unguwa da bai taɓa zama ba, a garin da hanyoyinsa suka sauya. Ko ya iso ma, ita ba ta ji. Ta gwada barin ƙofar a buɗe da yamma, awakin maƙwabta suka shigo suka cinye mata alayyafo. Ta kira Yael ta zo ta wuni, Yael ma ba ta ji komai ba, ta ce, "Mama, ki bar wannan abin haka, zai taɓa miki lafiya."

Ranar da ta gaya wa Datti damuwarta, bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya ce, "Tunda kunnena ne ke jin sa, sai in riƙa zuwa."

Haka aka yi. In Asabar ta yi kuma gari lafiya, shi da Ladidi sukan tari keke su zo tun kafin azahar. Yanzu da hularsa yake sauka, yaran layin sun san shi, suna ce masa Baba Tela, mata har sun fara ba shi ɗinki. Da azahar yakan zauna a gindin fiyar, in ruwan ya zo Loyis ta gaya masa, in bai zo ba ta gaya masa. Da yamma kuma sai ya ɗauki kujera ya koma bakin ƙofar ƙarfen, ya sa kunne, yana ɗinke maɓallin wata riga don kada hannunsa ya zauna banza. Loyis takan zauna nesa kaɗan tana tsince acca, idonta a kan fuskarsa.

Asabar ɗin da ta wuce, rana na gab da faɗawa bayan dutse, ta ga ya tsai da allura ya ɗaga kai. Ta ajiye faifan.

"Malam, ka ji wani abu?"

Ya ɗan jima yana saurare, sannan ya girgiza kai. "Wani ne ya wuce da baro. Tukuna dai, Mama. Hanyar da ɗan nisa, ga shi kuma da kaya a hannu."

Ladidi ta leƙo daga kicin ta ce su tashi haka nan, magariba ta kawo jiki, masu keke ba sa son shiga Angwan Rogo in duhu ya yi. Datti ya soke allurar a hularsa, ya naɗe rigar, Loyis ta rako su har bakin titi.